Wanda Ya Yi Shara da Baya

Ranar da aka zo kwasar injinan jan ruwa, ƙarti huɗu ne suka ciccibi akwatin farko. Ba su kai bakin mota ba gindinsa ya ɓalle, abin da ke ciki ya zube. Bulo ne. Bulon siminti, an jera shi tsaf, an cusa tsummoki a tsakani don kada ya yi ƙara. Aka fasa na biyu, bulo. Aka bi sito ukun da aka ajiye akwatunan kaf, ko ƙyallin ƙarfe ba a gani ba.

Injinan na sabon sansani ne da ake ginawa a hayin kogi, inda sojoji suka yi watanni suna shan ruwan kududdufi, gudawa tana kayar da su ɗaya bayan ɗaya. An haƙa rijiyoyi, injin kaɗai ake jira. A ofishin Manjo, mai kula da aikin, akwai babban allo a bango wanda ke nuna inda kowane kaya ya kwana. Har lokacin da ake tattara bulo a ƙofar sito, allon nan kore ne shar, yana cewa komai na nan lafiya.

Kafin rana ta take, bariki ya gama yanke hukunci. Mata a bakin famfo, maza a ƙarƙashin bishiyar gareji, magana ɗaya ce: wa ya ƙera manhajar da ke tafiyar da allon? Kofur, yarinyar nan mai aikin kwamfuta a ofis. To wanda ya gina rumbu ai shi ya san ta inda ɓera ke shiga. Da yamma aka kai ta gadurum, ɗakin tsare sojoji, aka karɓe mata bel da hula. In ba a sami wani ba kafin hukumar bincike ta iso, kotun soja za ta gani, a tuɓe mata kaki, sannan a ɗaure ta.

Manjo ya aika a kira masa Saje, wanda kowa ke kira Mai-Sawu.

Saje ya tsufa a aikin bin sawu. A zamanin da yake daji, ya isa ya dubi ƙasa ya ce mutum nawa suka wuce, wanne ne mai ɗingishi. Karatu kuwa sai da furfura ta fito masa ya koya, kuma Kofur ce ta zaunar da shi bayan an tashi aiki, tana riƙe masa yatsa a kan baƙi. Shi ya sa duk bariki shi kaɗai ke ce mata Malama.

"Na san tsakaninku," in ji Manjo, ko zama bai ba shi ba. "Amma ba ni da wani. Gaskiya nake so, ko da za ta ƙona mu duka."

"To, ranka ya daɗe," in ji Saje. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

* * *

Ya tarar da ita zaune a kan benci, ƙafa ba takalmi.

"Baba Saje, kai aka turo?"

"Ni ne, Malama. Koya mini abin nan kamar ban taɓa gani ba."

Ta share ido, ta zana masa da yatsa a kan ƙurar benci. Ba ta rubuta wa manhajar ko layi ɗaya na yaren kwamfuta ba. Irin wadda ake haɗawa da hannu ce: ka jawo ɗan gida da yatsa ka ajiye, ka jawo wani, ka haɗa su da kibiya. Gida huɗu ta jera. Kaya sun iso. Wanda ya kawo ya buɗe akwati ya ɗauki hoto. Mai Sito ya gani da idonsa ya danna. Sai allo ya yi kore.

"Yau da safe na duba, gida na uku babu shi. An cire, an ja kibiya daga hoto kai tsaye zuwa kore."

"Wa zai iya cirewa?"

"Kowa, Baba. Ai amfanin abin ke nan, kowa ya iya. Ka tuna ajin da na yi muku? Kalmar sirri ɗaya na ba ku duka don ku riƙa gwadawa." Ta sunkuyar da kai. "Ban taɓa canza ta ba."

Saje ya tuna ajin. Mutum ya fi ashirin, manyan sajoji da direbobi da masu sito, ana ta dariya ana jan gidaje kamar yara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ya ce a ransa. Amma wani abu ya daɗe yana yi masa kai-kawo: yarinya mai kaifin kai irin wannan, a ce ta manta? Bai furta ba. Ya tashi.

* * *

Mai Sito ya fara rantsuwa tun kafin a tambaye shi. Gajere ne mai yawan gumi, ga sabon babur jingine a bakin ƙofa, wanda bariki ya riga ya ƙirga masa a cikin zunubi.

"Babur ɗin na ƙanen matata ne, wallahi, je ka tambaya! Aro ne!"

"Ban tambayi babur ba. Me ya sa ba ka buɗe akwatunan ba?"

"Da ina buɗewa. Wayata takan yi ƙara, ta ce je ka duba, sai in je. Rannan ta daina. Na ce to, manya sun ga wahalata sun rage mini. Kai da za a sauke maka kaya, za ka bi mutum kana cewa a mayar maka?"

"Wa ke ɗaukar hoton?"

"Duk direban da ya kawo. Su sauke, su ɗauka, ni in rufe."

Saje ya bar shi yana fifita da hula. Ya nufi ɗan kwangilar da ya sayo injinan, wanda ya zo da kansa cikin farar mota yana huci. Mutumin ya fi Mai Sito kama da mai laifi: zobe a kowane yatsa, dariya ba dalili. Saje ya zauna ya saurare shi har ya gaji da kansa. A ƙarshe abu ɗaya ya tsaya: a tashar jirgin ƙasa aka buɗe kowane akwati a gaban hafsoshi biyu kafin a ɗora wa motocin soja, kuma hafsoshin suna nan da ransu.

"Daga can zuwa nan ba hannuna," in ji shi. "Ku dubi cikin gidanku, Saje. Da ɗan gari akan ci gari."

* * *

Washegari ya tafi layin gidajen ƙananan sojoji. Ɗakin Kofur ne na ƙarshe, inda take zaune da mahaifiyarta. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya zagaya ta baya, tsakanin bangon ɗakin da katangar bariki, wani lungu da ake tara tsofaffin kwano da itace. Ya tsuguna ya bi ƙasar taku-taku, ya ɗaga buhuna, ya leƙa ƙarƙashin itacen. Sawun kaji ne kawai, da na silifas ɗin tsohuwa.

"Baban yara, kai ne?"

Tsohuwar ce a taga, idonta ya kumbura. Ta fito da kofin ruwa a hannu biyu.

"Allah Ya saka maka. Da na ji kai aka ba aikin, sai na sami barci. Na ce ai ubanta ne."

Ya karɓi ruwan ya sha tsaye. Ya miƙa mata kofin ba tare da ya haɗa ido da ita ba.

* * *

Ya koma sito, ya sa aka fitar da kowa. Hotunan da ke cikin manhaja ya riga ya gani: kowanne akwati a buɗe, injin sabo fil yana walƙiya. Hoto ba ya ƙarya, amma ba ya faɗin duka. Ya kwanta rub da ciki a bakin ƙofa, ya bar hasken rana ya kwanta a kan simintin.

Can ya ga layin. Siriri ne kamar an ja da allura, ya shiga daga ƙofa zuwa tsakiyar ɗaki. Kusa da shi ga wani, ya fito. Akwati ne mai ƙusa a gindi, an ja shi ciki, an kuma jawo shi waje. A sito na biyu haka, a na uku haka, wani wurin layi a kan layi har ya yi zurfi. Akwati ɗaya ne na gaskiya. Shi ake shigarwa a buɗe a yi masa hoto, a mayar da shi mota, a bar na bulo.

To ina aka musanya sauran? Tsakanin tasha da sito ba inda mota za ta tsaya ido bai gan ta ba, sai bayan tsohon gareji, inda aka zubar da ragowar bulon ginin katanga. Saje ya tafi can a ƙafa.

Bulon ya ragu sosai, ciyawar da ke ƙarƙashinsa har yanzu fara ce. Amma ƙasar wurin ba sawun taya, ba na takalmi. Ganye ne a baje ko'ina kamar shekara ba wanda ya taka. Da wani ne, da ya juya. Saje ya ɗaga ganye ɗaya, ya ɗaga na biyu. Ya zauna a kan bulo.

An share wurin, amma ba sharar gida ba. Mai sharar gida gaba yake turawa, ya tara a gefe. Wannan da reshe aka yi, hagu da dama, mai yi yana tafiya da baya yana goge takunsa, sannan ya dawo da busasshen ganye ya yayyafa, yana kifa kowanne ta fuskar da rana ta ƙona. Ba a koyar da wannan a makarantar soja. Saje ne ya ƙago shi a daji, lokacin da ake farautarsu, ya koya wa mutanen rukuninsa. Duk sun riga mu gidan gaskiya, sai mutum ɗaya.

* * *

Mutum ɗayan nan shi ne Raƙumi, shugaban direbobi. Ya samo sunan ne ranar da harsashi ya fasa wa Saje cinya, ya goya shi wuni guda har bakin hanya. Tun daga nan ba ya kiran Saje da komai sai "Kayana". Daga baya ɗan Raƙumi ya auri 'yar Saje, suka haɗa jika. A ajin Kofur kuwa shi ne abin dariya: ya riƙe na'ura a kife, ya ce shi da wannan abu sai a lahira.

Saje ya same shi a ƙofar gida da la'asar, yana wanke ƙafa.

"A'a, Kayana! Ka kamo ɓarawon ko har yanzu kana shinshina ƙasa? Maman yara, kawo wa surukinki shayi!"

"Bar ta. Zo mu taka."

Suka taka har bayan filin fareti. Saje ya faɗa masa komai, a hankali, idonsa a ƙasa: akwati mai ƙusa, bulo, ganyen da aka kifa. Raƙumi bai musa ba. Ya daɗe yana kallon tutar da ake saukewa.

"Na kusa ajiye kaki," ya ce. "Tun ina saurayi nake ɗaukar kayan wasu. Me zan nuna? Ƙugu mai ciwo?"

"Yaranmu sojoji suna can hayin kogi suna zawo da jini. Yarinyar mutane tana kulle."

"Ita ai 'yar boko ce, za ta sami wani aikin."

Saje ya dube shi, karo na farko.

"Gobe da safe Manjo zai tara mu. Ban faɗa wa kowa ba, ko shi. Ka riga ni magana. Ka ce ga inda injinan suke, ka kawo akwatin nan mai ƙusa da hannunka. Wanda ya kawo kansa ba a yi masa irin hukuncin wanda aka kamo. Zan tsaya maka, in ce da ranka ka taɓa sayen nawa."

Raƙumi ya kama hannunsa da hannu biyu, har idonsa ya kawo ruwa.

"Ka rufa mini asiri, ɗan'uwa. Gobe zan yi abin da ya kamata."

Saje ya koma gida da sauƙi a ƙirjinsa. Har ya ɗauki jikan nasu ya yi masa wasa.

* * *

Da safe aka taru a ofishin Manjo, ƙarƙashin allon da har yanzu yake kore. Ga Mai Sito yana gumi, ga ɗan kwangila yana juya zobe. Aka shigo da Kofur tsakanin sojoji biyu. Raƙumi ne ya zo a ƙarshe, kakinsa a goge, ya ƙame ya sara.

"Ranka ya daɗe, ina da magana kafin a fara."

Saje ya lumshe ido, ya yi hamdala a zuci.

"Tun da abin nan ya faru ban runtsa ba. Na ce bari in taya ɗan'uwana nema. Yau da sassafe na bi layin gidaje, sai ga akwati a bayan ɗakin Kofur, an rufe shi da itace. Injin na ciki, sabo. Ku zo ku gani. Har da ƙusa a gindinsa."

Kofur ta yi wata ƙara kamar an taka ta. Mai Sito ya ce, "Ashe!" Manjo ya ɗauki hularsa.

Saje bai motsa ba sai da kowa ya fita. Sannan ya bi su a baya, kamar mai rakiyar gawa.

A lungun, akwatin na nan yadda aka faɗa. Tsohuwa tana tsaye a taga, hannu a ka. Mutane suka yi ca za su shiga.

"Kada wanda ya taka," in ji Saje. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, jiya da hantsi na zo nan. Na ɗaga itacen nan ɗaya-ɗaya, na leƙa ƙarƙashin kowane buhu. Ba akwati. Tsohuwa ta gan ni, har ta ba ni ruwa."

"Ya zo," in ji tsohuwar. "Na ba shi."

"Kofur kuwa tana kulle tun shekaranjiya. Akwati bai da ƙafa." Ya tsuguna, ya ɗaga ganye. "Dubi nan. Jiya sawun kaji ne da nawa. Yau ko nawa babu. An share da reshe, da baya-baya, an kifa ganye. Haka aka yi a bayan tsohon gareji, inda aka cika akwatuna da bulo. Mu biyu muka rage a duniya da muka iya wannan shara."

"To ai kai ma ka iya!" in ji Raƙumi, yana dariyar da ba ta kai ido ba. "Ranka ya daɗe, tsufa ne. Yarinyar ta koya masa a-ba-ca, shi ya sa."

"Na iya," in ji Saje. "Amma ban iya tuƙi ba, ban taɓa kawo kaya daga tasha ba. Sannan akwatin nan a zaune yake a kan gindinsa, ga ƙasa nan ba a ɗaga shi ba tun da aka ajiye. Ta ina ka ga ƙusar?"

Raƙumi ya buɗe baki.

"Maganar ƙusa mutum ɗaya na faɗa wa," in ji Saje. "Jiya, bayan filin fareti. Na ba shi dare guda don ya wanke kansa. Ga abin da ya yi da daren."

Manjo ya sa aka kifa akwatin. Ƙusar na nan, ta lanƙwashe, bakinta ya yi fari don gogar siminti.

"Ka san ɓarawo tun jiya, ka ƙi faɗa mini?" in ji Manjo.

"Na sani, ranka ya daɗe. Wannan laifina ne, a rubuta."

"Za a rubuta." Ya juya ga Raƙumi. "Ina sauran?"

Raƙumi bai dubi Manjo ba. Saje yake kallo, fuskarsa ta zama wata iri.

"Da na sani, da na bar ka ungulu ta cinye. Wuni guda ina ɗauke da kai, jininka har cikin takalmina. Me za ka ce wa 'yarka? Me za ka ce wa jikanmu?"

"Abin da na yi ta tambayar kaina ke nan jiya," in ji Saje. "Shi ya sa na zo maka kafin in je wa hukuma. Kai ka sauke ni, Raƙumi. Ba ni na sauka ba."

Kafin azahar Raƙumi ya faɗi sunan ma'ajiyar da injinan suke, a cikin gari, ba a kai ga sayar da ko rabinsu ba. Aka tura mota.

* * *

Manjo da kansa ya miƙa wa Kofur bel da hularta. Ya ce ta mayar da gidan da Raƙumi ya cire, ta canza kalmar sirri, kuma za ta amsa tambaya a kan sakacinta, amma ba a kotu ba. Ta sara, ta fito.

Saje yana zaune a kan dakalin ofis. Bai san inda zai nufa ba. A gidansa 'yarsa tana jira, labari kuma ya riga shi isa. Kofur ta tsaya a gabansa tana gyara hula. Ya ɗauka godiya za ta yi, har ya fara ɗaga hannu ya hana ta.

"Baba Saje."

"Na'am, Malama."

"Ka ce ka ɗaga itacen ɗaya-ɗaya."

"Haka ne."

"Kafin ka je sito, kafin ka je gareji. Bayan ɗakina ka fara."

Ya so ya ce aiki ne, mai bin sawu ba ya tsallake ƙasa. Ya so ya ce ai zuwan nan ne ya cece ta. Duka gaskiya ne. Amma ita ta koya masa karanta abin da ke rubuce, ba abin da yake so a ce an rubuta ba.

"Nan na fara," ya ce.

"Shi kuma ka ba shi dare guda."



Ta gyaɗa kai a hankali. Ta haɗa ƙafa, ta ƙame, ta sara masa yadda ƙaramin soja ke sara wa na gaba da shi, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Na gode, Saje," ta ce, ta juya ta nufi wurin mahaifiyarta.